Kujerar da Na Nema a Bompai

Ni na kai shi kamfanin. Wannan ita ce maganar da na yi shekaru ina taunawa ina haɗiyewa, don haka bari in fara da ita in huta. Unguwarmu ɗaya a Dorayi, ya girme ni da shekara huɗu, kuma Yaya nake ce masa tun ina yawo ba wando. Mahaifinsa shi ne limamin unguwa, yana da makarantar zaure. Nawa mahaifin tela ne. Shi Yaya ya yi allo ya yi littattafai, amma boko ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba. Ni kuwa na gama sakandare, na ƙara da koyon buga tafireta, na samu aikin akawu a wani kamfanin kwanuka a Bompai. Da na ji ana neman majiya ƙarfi a wajen tanderu, sai na goyo shi a bayan kekena na kai shi. Cikin shekara biyar ya zama heluma, wato shugaban leburori, sunan kuma ya bi shi har gida.

Kamfanin na wani ɗan Chana ne, dattijo siriri mai furfura wanda ba ya rabuwa da tawul a wuya. A gabansa Maigida muke cewa, a bayan idonsa Tsoho. Langa muke yi da fanteka da kwalla da farantai masu furanni, irin waɗanda uwar amarya ke jerawa har su kusa taɓa rufin ɗaki. A yanko ƙarfe, inji ya lotsa shi ya zama kwano, a tsoma a ruwan fenti, a tura tanderu, ya fito yana ƙyalli. Ni dai ban taɓa sa hannu a ko ɗaya ba. Ina ofis a ƙarƙashin fanka, na yi zanzaro, ina buga wasiƙu da Turancin da nake ganin duk Bompai ba mai irinsa.

Tsoho mutum ne mai tsoron gwamnati, kowace iri ce. Ya taɓa gaya mini cewa a ƙasarsu mahaifinsa ya kwana da masana'anta ya tashi babu, don kawai mulki ya sauya hannu. Saboda haka rediyo ba ya barin teburinsa. Akwai firam ɗaya a bangon ofis wanda ake zare hoton shugaban ƙasa a saka sabo, kuma tsofaffin hotunan ba ya yarwa. A ƙasan durowa yake adana su, wai ba a san wanda zai dawo ba. Da Sallah ta ƙarato sai ya sa a ɗaure kwanuka a kai wa mai unguwa da limamin masallacin da leburori ke salla, har da mai share kwatar bakin titi. Ina yi masa dariya a ciki, ina cewa wannan tsoho ko inuwarsa ce ta motsa sai ya aika mata da langa.

Cikin shekarun saba'in gwamnati ta yi doka cewa baƙo ba zai riƙe kamfani irin namu shi kaɗai ba. Dole ya sakar wa 'yan ƙasa kaso, dole kuma a ga ɗan ƙasa a kujerar darakta. Hankalin masu kamfanoni ya tashi daga Bompai har Sharada. Wasu suka nemo manyan attajiran birni, wasu suka ɗauko tsofaffin manyan ma'aikatan gwamnati. Tsoho ya ƙi. Ya ce da lauyansa, ina zaune ina rubutawa, babban mutum in ya faɗi da kai zai faɗi, in kuma bai faɗi ba haɗiye ka zai yi. Ya ce a cikin gida zai duba.

A cikin gida! To, wa ke cikin gidan in ba ni ba? Ranar ban san yadda na isa gida ba. Na gaya wa matata ta fara shiri, na kai wa mahaifina shadda ya ɗinka mini babbar riga ban faɗa masa dalili ba. Har gwajin sa hannu na riƙa yi a bayan tsofaffin ambulan, ina ja masa wutsiya irin ta manya.

A daidai lokacin matata ta haihu, kuma matar Heluma ita ma tana kan hanya. Ni a lokacin na bar Dorayi, na kama ciki da falo a wajen Nassarawa, kusa da aiki kuma nesa da dangi. Na ƙudura cewa sunan ɗana shi ne zai nuna wa Tsoho irin wayewata. Ban raba goro a Dorayi ba, kuma ba mantuwa ba ce. Na san in na raba, unguwa ce za ta taso, da tsofaffi masu tofar da goro da maroƙa da 'yan ƙauyen mahaifiyata, su cika mini tsakar gida a gaban baƙo. Sai aka raɗa suna da safe da mutanen da ba su fi goma ba. Na bugo kati, na yi hayar kujeru, na sayi lemo da biskit, na gayyaci 'yan ofis da yamma. Tsoho ya zo, ya zauna, ya sha rabin kwalba. Ya dubi kujerun da ba kowa a kai, ya tambaye ni da Hausarsa ta gutsi-gutsi, "Akawu, mutane naka ina?"

Na ce, "Ai na rage hayaniya ne, Maigida."

Ya gyaɗa kai, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Bayan mako uku Heluma ya shigo ofis da guminsa, ya ajiye wa Tsoho goro biyu a ƙunshe cikin takarda, kamar yadda ya raba wa kowa har mai gadi. Tsoho ya tambaye ni ma'anarsa, na ce gayyatar suna ce, amma da sassafe ake yi kuma ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce zai je, ni kuma zan raka shi.

Mota ba ta iya shiga lungun ba saboda kekuna. Muka taka. Zauren Malam, mahaifin Heluma, ya cika, an shimfiɗa tabarmi a waje su ma sun cika, ana ta addu'a. Ina jan Tsoho mu wuce ciki, sai na ga ya tsaya cak a bakin tabarma yana kallon ƙasa. Takalma yake kallo. Ga fade, ga silifa, ga sau-ciki masu sheƙi, ga na taya irin na mutanen ƙauye, sun yi tuli sun malala har bakin kwata. Leɓensa na motsi. Can ya nuna wani baƙin sau-ciki ya ce na wane ne. Na leƙa na ce na alƙali ne, almajirin Malam ne tun yana saurayi. Ya nuna wani, na ce na wani saje ne na 'yan sanda. Waɗancan fa? Na ce na dillalan kwanuka ne na kasuwar Kurmi. Na tayan nan kuma na leburorinmu ne 'yan Nijar, sun taho a ƙasa tun kafin asuba. Ya daɗe a tsaye har na fara jin kunya, don mutane na kallonmu. Daga nan ya sunkuya ya kwance igiyar nasa takalmin, ya ajiye a gefe, ya shiga ya durƙusa gaban Malam kamar yadda ya ga ana yi. Na ce a raina ƙauyanci dai ba shi da ƙasa.

Mako guda bayan haka lauya ya zo da takardu. Ni na buga su, na bar gurbin suna a buɗe kamar yadda aka ce. Takardun biyu ne. Ta farko ta gwamnati ce, mai cewa wane ya mallaki kaso kaza kuma ya zama darakta. Ta biyu ta ɓoyewa a akwatin ƙarfen ofis ce, ba kwanan wata a jikinta, mai cewa wanen nan ya mayar wa Maigida kasonsa. Haka da yawa suke yi a lokacin, kowa ya sani kuma ba mai faɗa. Da na gama na ajiye a gabansu na gyara tsayuwa. Tsoho ya ɗago ya ce, "Akawu, kira Heluma."

Na ɗauka wani inji ne ya tsaya. Na je na kira shi. Aka yi masa bayani, kuma ni ne tafinta, da bakina na gaya masa an ba shi abin da na ɗinka wa riga. Bai yi murna ba ma, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cewa ya yi sai ya tambayi Malam. Washegari ya dawo ya ce Malam ya amince, da sharaɗin ba ruwansa da riba ta haram, kuma amana ce zai riƙe. Ya goge hannu a jikin wandonsa, ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa da ajami daga dama zuwa hagu.

Da aka watse ban iya haƙuri ba. Na ce, "Maigida, me na rasa?"

Bai yi fushi ba. Ya cire tabarau ya goge da tawul ɗinsa ya ce, "Kai takarda. Shi mutane. Soja ya zo, takarda ya yaga. Mutane yaya zai yaga?" Ya mayar da tabarau ya ƙara da cewa, "Kai, an kama ka, wa zai zo?"

Rigar nan ta yi shekara biyu a ƙasan akwati kafin in iya sa ta.

Abin da ya biyo baya ba sai na yi wa kaina ado ba, hassada ce tsagwaronta. Aka saya masa farar mota, ya rasa yadda zai yi da ita, kullum cike take da leburori da tsofaffin unguwa masu zuwa asibiti. Ya je Makka ya dawo Alhaji Darakta. Duk da haka bai bar bakin tanderu ba, sai ya naɗe babbar riga ya rataye a ƙusa ya shiga cikin yara. Wasiƙunsa ni nake rubutawa. In za a yi taro ni nake tsara masa abin da zai faɗa, ya ajiye takardar ya faɗi nasa, a kuma tafa masa. Ranar da aka aza harsashin sabon reshe a Challawa, shi ya riƙe cebur, ni na riƙe masa laima. Hoton yana nan, rabin fuskata ne kawai ya fito.

Na koma ce masa "ranka ya daɗe" da wata irin murya, ya ce in bari, shi Yayana ne har gobe. Wannan kirkin nasa shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Da mai girman kai ne da na samu abokan gulma, amma duk wanda na soma yi wa ƙorafi sai ya ce, "Ai Alhaji mutumin kirki ne," ya bar ni da baki buɗe. Tsarabar da ya kawo mini daga Makka, hula da dabino da zamzam, hular mai gadi na ba wa. Wata rana ina ta mita a gida, matata ta ce, "Malam, ka dai san hassada ga mai rabo taki ce." Ranar ban ci tuwonta ba.

Haka muka tafi har cikin shekarun tamanin. Wata safiya rediyon Tsoho ya kama kiɗan soja, kafin azahar ya zare hoto ya bar firam ɗin fayau yana jiran sabo. Sabbin masu mulki suka kakkafa kwamitocin bincike, aka ce duk wanda ya san wata cuta da aka yi wa ƙasa ya rubuto. Na yi mako biyu ina kai gwauro ina kai mari. Ranar wata Asabar da hantsi na zauna na rubuta cewa daraktan kamfanin kaza hoto ne kawai, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, kuma akwai takarda ta biyu a akwatin ƙarfen ofis da za ta tabbatar. Ban buga da tafiretar ofis ba, ni ba yaro ba ne. Na kai wa masu buga takardu a gaban gidan waya, na jefa ba suna. Lissafina shi ne za su sauke shi su ce a sa wanda ya cancanta. Ban yi tunanin komai bayan wannan ba, ko kuma in ce ban bar kaina na yi ba.

'Yan kwamitin bincike suka zo ranar Talata da mota biyu. Suka sa Tsoho ya buɗe akwatin ƙarfe, suka zazzage shi tas, takarda ta ce ku nemo ni. Ina tsaye ina kallo ina mamaki, don ni na ga an saka ta da idona. Duk da haka suka karɓe fasfo ɗin Tsoho, suka ɗauki Heluma daga bakin tanderu da rigar aikinsa, suka kori ma'aikata waje suka garƙame ƙofa da kwaɗo. Tanderun da bai taɓa mutuwa ba tun da na zo kamfanin, ranar ya mutu. Leburori suka zazzauna a bakin titi suna kallon ƙofa, da yawansu abin da suka samu yau shi za su ci gobe.

A wani ofishi a Nassarawa aka tsare shi. Washegari na raka Tsoho, ya ɗauko abinci da kansa a cikin langar kamfaninmu. Muka tarar da Malam, tsoho tukuf, ya shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiya daura da ƙofa, almajiransa manya sun kewaye shi. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya roƙi kowa, carbi kawai ake ja. Rana ta biyu dillalan Kurmi suka rufe rumfunansu suka zo. Rana ta uku leburori suka iso da 'yan Dorayi, har masu sayar da ƙosai da kunu suka kafa kasuwa. In lokacin salla ya yi sai a ja sahu a gefen titi, sojojin da ke gadi wasunsu su jingine bindiga su bi. Duk babban da zai shiga ofishin sai ya rage tafiya, da yawa kuma sai sun sauko sun gai da Malam.

Zan so in ce nadama ce ta kama ni a wurin. Ta zo, amma ba ita ta riga zuwa ba. Abin da na fara ji ina tsaye da langa a hannu, ina kallon wannan taro, shi ne cewa mutumin nan ko kamu aka yi masa sai nasa ya fi na kowa kyau. Na tsani kaina a kan wannan tunani, kuma bai hana ni yin sa ba.

Kwana tara ya yi. Ba su samu takarda ba, ga shi kullum sai wani ya yi waya ko ya aiko a tambayi laifinsa. Suka sake shi, suka mayar da fasfo, aka cire kwaɗo. Ya fito ya rame, idanu sun yi zuru-zuru, aka ɗauke shi sama kamar ango. Na kutsa na yi masa barka, ya riƙe hannuna ya ce ya ji duk zirga-zirgar da na yi da abinci, Allah ya saka.

Bayan mako guda, ana tashi cin abincin rana, ya ce in zo in raka shi. Muka shiga motarsa, bai tayar ba. Ya tsaya yana kallon leburori suna wanke hannu a famfo.

Ya ce, "Akawu, sun karanta mini takardar da aka kai ƙarata. Wani kofur ne ya fassara mini."

Na ce, "Allah ya isa tsakaninka da ko wane ne, Yaya."

Ya ce, "Kada ka yi wa kanka baki." Muryarsa ba ta canza ba. "Takarda ta biyun nan mu huɗu muka san da ita. Ni, da Maigida, da lauya, da wanda ya buga ta. Lauya ya rasu bara. Abin da mai ƙarar bai sani ba shi ne, Maigida ya jefa ta a tanderu da hannunsa tun shekarar da na dawo daga Makka. Ya ce ba ya bukatarta."

Kuma ko a wannan hali sai da wani abu ya soke ni, wato har sun yi shekaru da wani sirri a tsakaninsu wanda ban sani ba. Da ƙyar na ce, "Maigida ya sani?"

"Ban gaya masa ba. Malam ma ba zai ji ba, don sahu ɗaya suke tsayawa da Babanka, ba zan raba su da tsufansu ba." Ya juyo ya dube ni. "Kwana taran nan sun yi ta tara mini takardun Turanci ina kallonsu kamar zanen lalle. Na gaya wa Maigida muna bukatar darakta na biyu, mai boko. Na ba da sunanka, ya yarda. Gobe za a kawo takardu."

Na ce, "Don me, Yaya?"

Ya ce, "Ba ita kake so ba? Da ka faɗa mini tun farko ai da ba a kai ga haka ba. Ni nawa mai sauƙi ne, na ci na sha a ciki. Yaran can ne suka yi kwana tara ba aiki, akwai wanda ya sayar da kekensa. Ba zan so a sake ba, gara kana ciki da kana waje." Ya buɗe ƙofa zai fita, sai ya tsaya. "Kuma kai ka kawo ni gidan nan a bayan kekenka, ban manta ba."

Na so ya zage ni. Wallahi da ya zage ni sau ɗaya, ko ya ɗaure fuska, da na samu abin riƙewa in ce ashe shi ma mutum ne kamar kowa. Shekara da shekaru ina leƙen fuskarsa ina neman ɓurɓushin abin, ban samu ba. Duk abin da yake da shi na yi ƙyashinsa, mota da suna da jama'a, kuma a ƙarshe an ba ni irin wasunsu. Wannan zuciyar tasa ce na rasa ofishin da zan rubuta wa a ƙwace.

Ranar taron farko na shiga ɗakin na tarar an ƙaro kujera ɗaya a gefen tasa. Na tsaya a bakin ƙofa da littafin rubutuna a hannu, kamar yadda na saba. Ya taso ya karɓi littafin ya ajiye, ya ja kujerar, ya kaɗe ta da hannun rigarsa ya ce, "Bismillah, ƙanena." Na zauna. Shekara goma sha ɗaya na yi a kanta, ban taɓa jingina bayana ba.